Kujerar Malam Ilu

Jama'ata, ku matso, yau akwai labari!

Gara ta cinye kujerar marigayi kakana, Malam Ilu, sai matarsa, Kaka Tabawa, ta aike ni wurin masu ƙera abu daga hoto su ƙera mata irinta. To, a kowane hoto tsohon yana zaune a kai. Sai kujerar ta fito da gurbin bayansa, har da sawun yatsunsa.

Mai shagon ya ce, "Dawo da ita gobe in shafe."

A gida na ce, "Amarya, tsohon mijinki ya hana sabon ango zama!"

Ta ce, "Ja'iri." Ta zura yatsunta cikin sawun, ta lumshe ido. Tun la'asar take ba kujera labari tana murmushi, tuwonta ya huce ba ta taɓa ba.

Da ku ne, za ku mayar a shafe?