Dawowar Auta Daga Teku

Rediyon da autan dattijuwar ya saya mata da albashin kamfanin mai, shi ya kawo labarin: rijiyar mai ta fashe a teku, man ya malala har ƙoramun da ake sha. Daga ranar ta tare a tashar mota, tana leƙa fuskokin masu saukowa daga Kudu.

Ran da ya iso Tudun Wada, lafiyarsa ƙalau. Ta yi hamdala, ta ɗebo masa ruwan randa.

Bai sha ba. Ya sunsuna, ya ƙyasta ashana, ya kara a kan ruwan.

"Ɗan nan, lafiya?"

"Inna, bari in gani ko zai kama. Can haka muke gwadawa kafin a ba yara."