Fuskar Mai Ɗinkin Hula

Tunda ka tambaye ni ko gyara yana da iyaka, to saurara in ba ka misali.

An yi wani mai ɗaukar hoto a wata tsohuwar unguwa mai lunguna da gidajen ƙasa. A nan aka haife shi, yana kuma son unguwar ƙwarai, amma yadda take fitowa a hoto yana ɓata masa rai: bango ya koɗe, kwata ta ratsa hanya, wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a sama. Sai ya koyi wata dabara. In ya kafa kyamararsa, yakan ɗauki wuri guda sau uku a jere, ɗaya da duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske mai yawa. In ya koma gida sai ya haɗe su a kwamfuta su zama hoto ɗaya, wanda inuwa ba ta ɓoye komai a cikinsa ba, rana kuma ba ta wanke komai ba. Daga nan ya zauna yana ƙara launi, yana goge wayoyi, yana lallaɓa gefen abubuwa, har hoton ya koma tamkar zanen da aka yi da hannu. Bangon ƙasa ya yi ja kamar garwashi, ruwan kwata ya ɗauki launin sararin sama. Mutanen unguwa kan tsaya gaban shagonsa suna nuna gidajensu suna mamaki. Shi kuwa da ya gama aiki sai ya goge hotunan asali, yana cewa ba mai ajiye dusa bayan ya tankaɗe gari.

A lungun bayan masallaci akwai wani dattijo mai ɗinkin hula, kullum yana zaune a ƙofar zaurensa. Ba mai son hoto ba ne, ko a bikin 'ya'yansa da ya ga kyamara sai ya kau da kai. Wata rana bayan la'asar hasken yamma ya sauka a kan bangon zauren, mai hoto yana wucewa ya gani, ya kafa kyamara daga nesa. A ɗauka ta farko dattijon yana sunkuye a kan hularsa. A ta biyu ya ji motsi ya fara ɗago kai. A ta uku ya dubi mai hoton ido cikin ido, ya gane ɗan maƙwabtansa ne, ya yi murmushi. Da aka haɗe ukun, bango ya fito tsaf domin bango ba ya motsi, amma kan dattijon ya rabu uku. Mai hoto ya san zai iya ɗauko fuskar daga hoto na ƙarshe ya ɗora, sai dai haske ya yi mata yawa, ba za ta dace da launin bangon ba. Sai ya shafe ta da launin ƙasa mai laushi, ya bar farar riga da hula a cinya, mutumin ya zama kamar inuwa a bakin ƙofa. Wannan hoton ya fi duk waɗanda ya taɓa yi kyau. Ya buga shi babba ya rataye a shago, ya goge ukun kamar yadda ya saba.

Da damina ta faɗi, dattijon ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Bayan an share makoki, 'yarsa ta fari da ke aure a wani gari mai nisa ta zo shagon da goyo a bayanta. Ta ce an gaya mata akwai hoton mahaifinta a nan, kuma duk gidan an duba ba a sami ko ɗaya ba, tana so in ɗan nan ya girma ta nuna masa kakansa. Mai hoto ya sauko da shi ya miƙa mata. Ta daɗe tana dubawa. Ta ga ƙofar da ta girma tana shiga, ta ga tsagar bango, ta ga har zaren da ke jikin hular. Sannan ta ce, "Malam, zauren namu ne. To ina Baba?"

Ya buɗe kwamfuta ya bincika lungu da saƙo, ya duba katin kyamara, an riga an ɗora wasu hotuna a kai. Ya ce ta yi haƙuri, zai zana fuskar daga abin da yake tunawa, ai kullum yana wuce shi. Ya zauna zai fara, sai ya tarar bai san ko billen dattijon a kuncin dama yake ko na hagu ba. Launin bangon kuwa ya haddace shi. Matar ta ga hannunsa ya tsaya, ta ajiye hoton a kan tebur a hankali, ta gyara goyonta. "Bar shi, malam," in ji ta. "Bangon yana nan, duk ranar da na so ganinsa zan gan shi." Ta yi masa sallama ta fita.

Ka ga, ba ƙarya ya yi niyya ba, kuma ba mugunta ba ce. Kyau ya nema wa unguwarsu, ya kuma same shi. Amma wanda ke gyara ya kamata ya san abin da ake gyarawa domin sa. Abin da magabata ke nufi ke nan da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.