Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

Ana gobe Kirsimeti da la'asar, Inna tana suyar cincin da man gyaɗa a ƙauyenmu na wajen Runka. Ba ita ta haife ni ba. Ta ɗauko ni riƙo ina jinjiri, kafin ta haifi nata. Ƙannena kowa da sunansa take kiransa, ni kuwa sai "kai, yaron nan".

Ranar na kasa daurewa, na ce, "Inna, don ni ɗan riƙo ne ba ki kama sunana?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wace uwa ka ji tana kama sunan ɗanta na fari? Kunya ce, shashasha. Yusufu ma riƙon Yesu ya yi, wa ya ce Yesu ba ɗan gida ba ne? Ungo, ɗanɗana."

Ya ƙona mini harshe, amma ban tofar ba.

Inna ta rasu, rashin tsaro ya watsa ƙauyen. A birnin da na koma, kowa sunana yake kira. Duk Kirsimeti, da na ji ƙamshin man gyaɗa a wuta, sai in kasa kunne ko za a ce "kai, yaron nan".