Katafilar Arlen ta Farko

Ran Lahadi da ƙarfe biyu Arlen Skogen ya ɗora gahawa, ya kwashe dusar ƙanƙarar ƙofar gida da shebur, ya zauna jiran Marlys.

Shekara arba'in ya yi yana walda a masana'antar garin, inda ake ƙera 'yan ƙananan katafiloli masu juyawa a wuri ɗaya. Ta farkon da hannunsa ya haɗa ta, don kwashe kashin talo-talo a rumbunan da babbar mota ba ta shiga. Da ya ajiye aiki aka ba shi ita kyauta. Yanzu kamfanin zai yi bikin cika shekara sittin, yana son ya kafa ta a zauren baƙi. Tun kaka aka turo Marlys daga ofis ta karɓo.

A garin, mutumin kirki ba ya karɓar tayi sai ya ƙi sau uku. Arlen ya ƙi sau goma sha tara.

Ta iso a tsohuwar motarta, ta kakkaɓe takalmi, ta zauna a kujerar da ta saba.

"Baba, yau ma a'a ce?"

"Sha gahawarki. Kin rame kamar sandar walda."

"Wannan gahawar taka ai sai wankin inji."

Rumbun da ke bayan gida, inda ya saba ajiye katafilar, babu komai a ciki. Shekarar da matarsa ta rasu ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya ɗauke katafilar, bai ko leƙa ba. Ƙarya abin kunya ce a bakin dattijo, ya sani. Amma ya san ranar da ya buɗe ƙofar nan, Lahadi za ta koma kamar Talata, babu mai taka masa gida.

Sai dai biki saura mako biyu. Idan yarinyar ta koma hannu banza, ita za a ga laifi, ba shi ba. Ya daɗe yana juya kofinsa, sannan ya miƙe ya ciro makulli daga ƙusa.

"Taso, 'yar nan."

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya buga shi da dutse. Ƙofa ta buɗe: tsofaffin buhuna, da tabon baƙin mai a ƙasa. Arlen ya tsaya riƙe da hularsa.

"Na ɓata miki wata biyar. Me za ki gaya wa manyanki?"

Marlys ba ta ko kalli ciki ba. Ta gyara masa wuyan riga, ta ja ƙofar ta rufe.

"Baba, wane ofis ne ke aiki ran Lahadi? Tun zuwana na biyu na gano ta a filin mai ƙarafa, da sunanka rubuce da walda a ƙarƙashin kujera. Watanta huɗu a zaure, har fenti ya bushe."