Ku Ɗauko Mai Keke

Ƙararrawa na kaɗawa, manaja ya dubi jami'ar kashe gobara, ya yi murmushin wanda ya riga ya ga amsar jarrabawa.

Bara maɗaba'arsa ta faɗi wannan gwajin na tserewa daga gobara warwas. Kowa ya ranta a na kare, aka bar mai zanen hotuna a bene shi da keken guragunsa. Jami'ar ta ce in aka kuma, kwaɗo za ta garƙama wa ƙofa.

Bana kuwa manaja ya shirya. Ya zaɓo 'yan dako huɗu daga sito, ƙarti sababbin ɗauka da ba su taɓa taka bene ba, ya ba su umarni ɗaya tak: "Da kun ji ƙararrawa, ku haura ku ɗauko mai keke. Ko me ya ce, kar ku saurare shi."

Shi dai mai zane ba wanda ya tambaye shi. Ya sha neman ganin manaja kan shirin, manaja na cewa ai bai wuce ƙorafin tayar nan tasa da ta ishi kowa da ƙara ba, ya san yadda zai yi da ita.

'Yan dako suka haura a guje. A baranda suka tarar da mutumin a kan keke, yana gaba yana baya, ya karkata kunne. Tayar yau shiru. Kafin ya ɗago, sun yi sama da shi.

"Bayin Allah, ku tsaya mana."

"Kwantar da hankalinka, yallaɓai," in ji babbansu, "kana hannun ƙwararru."

Mutumin ya dafa kafaɗar ɗaya, ya bar masa shatin baƙin mai. Wani ƙarfe ya faɗo daga aljihunsa, ya riga su sauka.

A tsakar fili ma'aikata suka ɓarke da tafi tun daga nesa. Manaja ko waiwaye bai yi ba, yana ta bayyana wa jami'ar yadda shi ba ya wasa da masu buƙata ta musamman. Har ta buɗe biro.

Sai tafin ya mutu.

Mutumin ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe wando, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni mai gyara ne. Mai keken yana sama a kan benci, yana jiran in gama."