Kilishin Mushe

Ka ce sana'arka ce, hannunka ne, ba ruwan kowa da yadda kake yin ta. To, gyara zama in ba ka wani misali.

Akwai wani gari a bakin babbar hanya da ya yi suna wajen kilishi. Duk motar da ta biyo ta nan sai ta tsaya, ko direba bai yi niyya ba fasinjoji za su tsayar da shi, don wanda ya wuce garin bai riƙo wa iyalinsa ƙunshi ɗaya ba, kamar bai yi tafiya ba ne. Unguwar mahauta kuwa tun hantsi za ka ga asabari jere a rana, an shimfiɗa nama fale-fale kamar mayafi. Mata na cikin gida suna dakan tunkuza da citta da kanumfari, maza na tsoma naman a labu, wato kwaɓin kayan da aka daka, suna mayarwa rana, da la'asar kuma a ɗora a garwashi, ƙanshi ya cika gari har bayan ganuwa. A cikinsu akwai wani mahauci, ba babba ba ne a sana'ar, ba kuma na baya ba. Ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi wani ƙosasshen sa, ya ɗaure a bayan gida da niyyar yankawa ranar kasuwa. Da safiyar ranar ya iske san a kwance, ciki ya kumbura, baƙin jini na fita ta hanci, rai ya riga wuƙa. Ya daɗe a tsaye a kansa. Matarsa ta fito da tsintsiya a hannu, ta duba, ta ce, "Maigida, wannan mushe ne, a kira masu haƙa rami." Ya ce, "Rana da yaji da wuta ba abin da suke bari. Koma ciki." Ya jawo ƙyauren gida ya rufe, ya feɗe san shi kaɗai. Saifar ta fito baƙa ƙirin, ta kumbura har ta kusa tsawon hannunsa, ya jefa ta a masai. Sauran naman ya yanyanka, ya shanya, ya ninka barkono, ya gasa har gefe ya soma ƙonewa. Da ya fito da shi tasha, ba mai iya bambanta tirensa da na kowa. Wani magidanci da matarsa ta haihu kwana huɗu ya sauko daga mota ya sayi manyan ƙunshi uku, don mai jego ta samu abin taɓawa, 'yan barka su ma su ɗanɗana.

Mutum tara suka kwanta ciwo a gidan magidancin nan bayan sun ci kilishin. Mai jegon da uwarta, wadda ta zo yi mata wankan jego, ba su tashi ba. Ranar suna aka raɗa wa jaririya suna a tsakar gidan da ake zaman makoki. Bayan sadakar bakwai magidancin ya dawo garin, ya tsaya a tasha yana bin masu kilishi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Tire iri ɗaya, takardar ƙunshi iri ɗaya, ya kasa gane fuskar da ta miƙo masa. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A cikinku ne," ya koma mota. Direbobi suka ɗauki labarin suka kai shi duk inda taya ke zuwa, kuma ba wanda ya ce kilishin wane, sai dai kilishin gari kaza. Sarkin fawa ya tara mahauta, kowa ya rantse, har da mai laifin. Motoci suka fara wucewa ba ko rage gudu. Wani dattijo da ya shekara arba'in yana sana'ar, wanda ko naman da ya kwana bai taɓa sa wa labu ba, ya yi ta fitowa da tirensa yana komawa da shi har kaka ta zagayo, daga baya ya sayar da wuƙaƙensa ya tafi birni gadin shago. Matan da ke daka tunkuza suka kife turamensu. Masu kawo shanu suka canza kasuwa, samari suka watse, gara ta cinye asabarin da aka jingine a bango. Shi kuwa mahaucin ba a taɓa kama shi ba. Wani baƙin gyambo ya fito masa a bayan hannu, ya riƙa naɗe shi da tsumma yana cewa wuta ce ta ƙone shi. Matarsa ba ta tona masa asiri ba, amma ba ta ƙara cin abin da ya shigo da shi gidan ba, har ranar da ta ɗaure kayanta ta tafi garinsu. Ya tsufa a unguwar da ya kashe, yana zama cikin maƙwabtan da ya jefa a yunwa. Duk sanda aka idar da salla wani ya ɗaga hannu ya ce Allah ya isa tsakaninsu da wanda ya yi musu wannan aiki, shi ma sai ya shafa, ya ce amin.

Sunan da kake ci da shi ba kai ka gina shi ba, kuma ba kai kaɗai za ka rasa shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, wake ɗaya shi ke ɓata gari.