Zara mai laffaya

Wata la'asar a gidanmu na unguwar Alsawra, can a ƙasar waje, Kaka tana soya gahawa, ƙamshi ya cika tsakar gida. Ni kuma ina kwaikwayon zanen wani jarumin sararin samaniya daga mujallar Larabci. Ta leƙo ta ce, "Wannan ɗan wane ne?"

Na ce, "Mai tsaron taurari ne, Kaka."

"Shi? Da iyayena suka taso daga Kano a ƙafa, tauraruwa Zara ce ta raka su. Ita za ki zana, 'yar nan."

Na juya takardar na fara zana Zara, jaruma sanye da laffaya.

Yau zane ne sana'ata. Masu buga littattafai sun sha dawo mini da Zara, wai jaruma mai laffaya ba za ta karɓu ba. Ban canja mata tufa ba, kuma gobe ma zan sake kai ta.